Cika, Ƙoshi Da Kumburi: Nazari A Kan Kalmar "Lleno"

Karatu: Afisawa 5:15-21, Ayyukan Manzanni 5:1-11 da 6:1-8, 1 Korintiyawa 8:1-3.

Bara da kaka wani ɗan'uwa mai-bi daga ƙasar Kolombiya, can Amurka ta Kudu, ya sauka a gidana kwana uku. Daren farko uwargida ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya ci malmala biyu, da aka miƙa masa ta uku sai ya dafa cikinsa, ya yi dariya, ya ce da harshensu, "Estoy lleno." Ba mu nemi tafinta ba, gama ko yara sun gane ya ƙoshi. Bayan an kwashe kwanuka muka durƙusa domin addu'a, na roƙe shi ya yi da harshensu. Ban ji kome ba sai sunan Yesu da Amin, amma kunnena ya sake kama kalmar nan sau uku ko huɗu. Da muka tashi na ce masa, "Ɗan'uwa, tuwon ne ka ke ta yi wa Allah godiya a kansa?" Ya ce a'a, roƙo ya ke yi mu zama cikakku da Ruhu Mai-Tsarki. Ashe kalma ɗaya ce su ke mora a wajen akushi da wajen addu'a.

Sauran kwanakinsa ban bar shi ya huta da tambaya ba. Bayan tafiyarsa kuma na nemi Littafi Mai-Tsarki na Sifaniyanci, tsohon bugu da sabo, na jera su da Sabon Alkawari na Helenanci wanda muka yi karatu da shi a makarantar Littafi. Wani zai ce, ina ruwanmu da Sifaniyanci? To, wani lokaci sai ka ji yadda baƙo ya ke faɗin abu kafin ka lura da abin da ke bakinka kullum. Maganar cika da Ruhu kuwa ta raba ikilisiyoyi da dama, har da iyalai, saboda haka ta isa a zauna a kanta.

ASALIN KALMAR

Mutane wajen miliyan 500 ne aka haifa da Sifaniyanci a bakinsu, yawancinsu kuwa ba a Sifaniya su ke ba, suna Meziko da sauran ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. A Afirka ma akwai ƙasa ɗaya, Gini ta Ikwatoriya, maƙwabciyar Kamaru. Tsibirinta Bioko shi ne Fernando Po na dā, inda mutanen Nijeriya da yawa suka yi ƙodago a gonakin koko.

Ana rubuta kalmar "lleno", amma yawancin masu-harshen "yeno" su ke cewa. Mutanen Buenos Aires da Montevideo su kan ce "sheno". In abin na mace ne a ce "llena", in da yawa "llenos". Aikatawar ita ce "llenar", watau a cika abu.

Uwar kalmar ita ce "plenus" ta Latin, harshen Romawa. Bakin mutanen Sifaniya ya sauya "pl" na farkon kalma ya zama "ll": "pluvia", ruwan sama, ya zama "lluvia", "plorare", yin kuka, ya zama "llorar". Faransawa suka riƙe "pl" ɗin su ka ce "plein". Daga baya malamai masu-karatun Latin suka sake ɗauko kalmar daga littafi yadda ta ke, sai ga "pleno" da "plenitud". Da haka Sifaniyanci ya sami 'ya'ya biyu daga uwa ɗaya: ɗaya ya girma a kasuwa, ɗaya a makaranta. A Kolosiyawa 2:9, inda Bulus ya yi zancen dukan cikar Allahntaka da ke zaune cikin Almasihu, na makarantar aka sa, "plenitud". Helenanci ma ɗan dangin ne, gama "pleroo" da "pleres" da "pleroma" na Sabon Alkawari tushensu ɗaya da "plenus".

A bakin jama'a "lleno" ba ta da wani tsarki na musamman. Mota ta cika da fasinja, "lleno". Mai-mota ya tsaya gidan mai ya ce "lleno", watau a cika tanki. Wata ya kwana goma sha huɗu, "luna llena". A Meziko su kan cusa cuku cikin babban tattasai, su tsoma a ƙwai su soya, su kira shi "chile relleno". Mutum kuma ya kan ce aikinsa "me llena", watau yana cika shi, ransa ya kwanta da shi.

Mu Hausawa mun raba abin gida biyu. Tulu ya kan cika, mutum ya kan ƙoshi. Amma kada mu yi musu dariya, gama tamu "cika" ma jakar magori ce: alkawari ya cika, shekara ta cika, wane ya cika surutu, har in mutum ya rasu mu kan ce ya cika. Su kuwa cikar alkawari da ta annabci wata kalma su ke da ita, "cumplir".

HANYA UKU NA FAƊIN ABU ƊAYA

Nan ne nazarin ya fi daɗi, sai mai-karatu ya yi haƙuri da ni kaɗan. Sifaniyanci yana da hanya uku na haɗa mutum da cika.

Ta fari ita ce "estar lleno", wadda baƙona ya mora a kan tuwo. "Estar" tana nuna halin da abu ya ke ciki yanzu, ba ta cewa kome a kan gobe. Randa tana cike da safe, da la'asar ta yi rabi. Ta biyu ita ce "llenarse", wadda a kan ji ta kamar "cika kai", ko da ya ke sau da yawa ma'anarta abu ya cika ne kawai, kamar yadda kasuwa ta kan cika da mutane. Ta uku ita ce "ser lleno". Wannan ba maganar titi ba ce. Tsohon salo ne wanda Littafi Mai-Tsarki ya riƙe, kuma ma'anarsa wani ne ya cika ka.

Wanda ya bar musu wannan salo shi ne Casiodoro de Reina. Shi da Cipriano de Valera 'yan zuhudu ne a gidan ibada na San Isidoro del Campo, kusa da birnin Sevilla. Da aka gane sun karɓi koyarwar masu-gyaran ikilisiya, suka gudu daga Sifaniya a 1557, a 1562 kuwa aka ƙone mutum-mutumin Reina a Sevilla da ya ke ba a same shi ba. Yana gudun hijira daga gari zuwa gari ya yi juyin, aka buga shi a Basel, ƙasar Suwizalan, a 1569, kofe 2,600. Ana kiransa Littafin Beyar domin a shafin farko akwai zanen dabbar nan tana miƙa hannu wajen zuma a bishiya. Valera ya gyara shi, aka sake bugawa a Amsterdam a 1602. An yi masa wasu gyare-gyare, manya a cikinsu na 1909 da na 1960, kuma har yau Reina-Valera na 1960 shi ne ya fi yawa a hannun masu-bi na ikilisiyoyin bishara masu-jin Sifaniyanci.

A Afisawa 5:18 Reina-Valera ta ɗauki hanya ta uku. Juyin nan mai-sauƙin harshe da a ke kira Dios Habla Hoy, wanda ya fito a 1979, ya ɗauki ta biyu. Ba na cewa ya yi kuskure, amma a ganina tsohon ya fi kusa da abin da Bulus ya rubuta. Kalmar Helenanci a nan "plerousthe" ce, kuma abu huɗu ke cikinta. Umurni ce, ba shawara ba. Ga jama'a duka a ke yinta, ba ga fasto da mai-bishara kaɗai ba. Siffarta ta wanda a ke yi wa abu ce, ba ta mai-yi ba. Lokacinta kuma na abin da a ke ci gaba da yi ne. In za mu faɗe ta da Hausar gida sai mu ce: ku bari a riƙa cika ku.

Ku duba yadda wannan ya yi daidai da labarin Bitrus. An cika shi ranar Fentikos tare da sauran (Ayyukan Manzanni 2:4). An sake faɗin haka a kansa sa'ad da ya tsaya gaban majalisa (4:8). Da suka koma wurin 'yan'uwa suka yi addu'a, an sake cika su duka (4:31). Mutum ɗaya, sau uku cikin sura uku. Wanda ya ce shi an cika shi shekara goma da suka wuce, magana ta ƙare, ya riga ya fi Bitrus ke nan.

DA ME?

"Lleno" ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Wata 'yar ƙaramar kalma ta kan bi ta, "de", daidai da "da" tamu: cike da ruwa, cike da ƙasa. Ita ce ke ɗauke da nauyin maganar, gama cika ita kanta ba alheri ba ce, ba mugunta ba ce. Masai ma ya kan cika.

Luka bai ɓoye wannan ba. Aikatawar da Bulus ya mora a Afisawa 5:18 ita ce Bitrus ya mora sa'ad da ya tambayi Hananiya dalilin da ya bar Shaiɗan ya cika zuciyarsa (5:3), kuma "llenar" ce a Sifaniyanci a wuraren biyu. Babban firist da Sadukiyawa sun cika da kishi (5:17). Mutanen Afisa sun cika da fushi saboda cinikin gumakan azurfa (19:28). Kowane ɗayansu cikakke ne, kowane kuma yana da zafi da ƙarfin murya. Hananiya ma ba baƙo ba ne, ɗan ikilisiya ne, ranar nan kuwa baiko ya kawo. Saboda haka in mutum ya ce mini ya cika, ban ƙaryata shi ba, amma rabin jimla ya faɗa.

ƘOSHIN DA YA ZAMA ƘOSAWA

Akwai wata kalma kusa da wannan, "harto" (ba a furta "h", sai a ce "arto"). Asalinta abin da aka cusa wa abinci har ya cika. A bugun 1909 ita aka sa a Matiyu 5:6, wajen alkawarin ƙoshi ga masu-yunwar adalci. Amma kalmar ta juya a bakin mutane, har yau in mutumin Madrid ya ce "estoy harto" nufinsa abin ya ishe shi, ya gaji da shi. A bugun 1960 an sa "saciados" a gurbinta. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, gama tsakanin "na ƙoshi" da "na ƙosa" taki ɗaya ne. Musa ya ga wannan hatsari tun Isra'ila ba su haye Urdun ba: ya gargaɗe su kada su ci su ƙoshi, su gina gidaje, sa'an nan su manta da Ubangiji (Kubawar Shari'a 8:10-14).

HARAFI ƊAYA

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A tsofaffin bugu, ba kullum a ke samun "llenar" ba. Akwai wata tsohuwar aikatawa, "henchir", daga Latin "implere", ita ma ma'anarta cikawa. Ita ce a Farawa 1:28 a bugun 1909, wajen umurnin a cika duniya, ita ce kuma a Ayyukan Manzanni 2:2, inda ƙara kamar ta iska mai-ƙarfi ta cika gidan. Kusa da ita kuma akwai "hinchar", daga Latin "inflare", watau a hura abu ya kumbura. Ba dangin juna ba ne, amma sun yi kama kamar tagwaye. "Ya cika" shi ne "hinchió", "ya kumbura" shi ne "hinchó". Harafi ɗaya ne tsakaninsu. In kuwa mutum yana zancen kansa, "hincho" zai ce ko yana cikawa ko yana kumburawa, babu bambanci ko kaɗan. A bugun 1960 an sa "llenar" a waɗannan ayoyi biyu, gama "henchir" ta tsufa, ba a cika jin ta a kasuwa ba.

A tsohon bugun nan "hinchar" ce a 1 Korintiyawa 8:1, inda Bulus ya gwama ilimi mai-kumbura mutum da ƙauna mai-gina shi. Kalmar Helenanci, "fusioo", daga sunan zugazugin maƙera ta fito. Bulus ya mora ta sau shida cikin wasiƙar nan ɗaya (4:6, 18, 19, 5:2, 8:1, 13:4), bayan haka sau ɗaya tak ta sake fitowa a Sabon Alkawari, a Kolosiyawa 2:18. Wace ikilisiya ce wannan? Ita ce wadda Bulus da kansa ya shaida ba ta rasa kowace baiwa ba (1:7). Suna magana da harsuna, suna annabci, suna da masu-ilimi. Su ne kuma suka rabu ƙungiya-ƙungiya, suna kai juna ƙara gaban alƙalan arna, mawadata suna cinye jibin Ubangiji kafin matalauta su iso. Ikilisiyar da ta fi kowa zancen Ruhu ita ce aka fi gaya wa ta kumbura. Kuma ga abin lura: a Helenanci da Ibrananci kalmar Ruhu ita ce kalmar iska da numfashi. Mai-cika da mai-kumbura duka iska su ke zance. Sai dai ɗaya daga sama ta zo, ɗaya zugazugi ne.

Iyayenmu mata sun san wannan bambanci a jikin yara. Yaron da ciwon yunwa ya kama, ƙafafunsa da fuskarsa su kan yi taɓa-taɓa, baƙo ya gan shi ya ce ya yi ƙiba. Uwar da ta sani sai ta danna yatsa a bayan ƙafar. In gurbin ya zauna bai taso ba, kumburi ne, sai asibiti. Daga nesa ba a rarrabewa, sai an danna.

"LLENURA"

Daga "lleno" aka sami suna, "llenura" (a ce "yenura"). A ikilisiyoyin bishara na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ita ce kalmar da a ke mora kullum domin cikar Ruhu Mai-Tsarki, a wa'azi da waƙa da addu'a. Amma ba su yarda da juna a kan ma'anarta ba. 'Yan Fentikos su kan haɗa ta da baftisma ta Ruhu bayan tuba, da magana da harsuna a matsayin alamarta. 'Yan Baptist da masu-ra'ayinsu su kan ce baftisma ta Ruhu sau ɗaya ce, ranar da mutum ya ba da gaskiya (1 Korintiyawa 12:13), "llenura" kuwa ita ce a ke maimaitawa.

Gardamar ba ta yau ba ce. A 1909 farkawa ta tashi a ikilisiyar Metodis ta Valparaíso, a ƙasar Chile, ƙarƙashin wani mishan ɗan Amurka, Willis Hoover. Mutane suna kwana addu'a, suna kuka, suna furta zunubai, waɗansu suna mayar da kayan da suka ci na mutane, waɗansu suna magana da harsuna, waɗansu suna faɗuwa ƙasa. Shugabannin Metodis suka duba, suka ce wannan ba koyarwarsu ba ce. A 1910 aka rabu, Hoover ya bi waɗanda suka fita, daga nan aka sami Ikilisiyar Metodis ta Fentikos, wadda ta zama uwar ikilisiyoyin Fentikos masu-yawa a Chile. Ita ma daga baya ta rabu. Ni dai da na karanta labarin, abin da ya fi kama ni ba faɗuwa ƙasa ba ne, mayar da kayan mutane ne. Faɗuwa kowa ya iya. Amma ina tsammani shugabannin nan ma sun yi garaje, gama sun ga hayaniya suka yanke hukunci a kan abin duka.

Ba zan raba wannan gardama a shafi biyu ba. Amma Bulus bai bar mu cikin duhu ba game da inda za a danna yatsa. A Helenanci Afisawa 5:18-21 jimla ɗaya ce, kuma abubuwan da ke rataye a jikin umurnin su ne: yi wa juna magana da zabura da waƙoƙi, raira wa Ubangiji da zuciya, godiya kullum saboda kome, da yi wa juna biyayya cikin tsoron Almasihu. Na ƙarshen nan shi ne mai-wuya. Daga nan kuma kai tsaye ya shiga zancen miji da mata, iyaye da 'ya'ya, bawa da ubangidansa. Watau a tsakar gida a ke gwajin, ba a kan bagade ba.

Haka kuma a Ayyukan Manzanni 6. Sa'ad da gwauraye mata na Yahudawa masu-jin Helenanci su ke rasa rabonsu na abinci, manzanni suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai cikakku da Ruhu da hikima. Kalmar a nan "pleres" ce, "llenos" a Sifaniyanci, hali ne na kullum ba abin da ya sauko sa'a ɗaya ba. Ba a ce cikakku su ɗaga hannu ba. Jama'a ne za su duba su shaida. Aikin da aka nemi cikakku dominsa kuwa rabon abinci ne. Ikilisiyoyin da za su zaɓi dattawa da ma'aji a ƙarshen shekara, su karanta wannan sura tare kafin ranar zaɓe, su lura kuma sunayen bakwai ɗin duka na Helenanci ne, abin da ke nuna mai yiwuwa daga ɓangaren masu-ƙarar aka ɗauko su.

Saura abu ɗaya da baƙona ya gaya mini da safen da zai tafi. Ya ce "llenura" ba kalmar majami'a kaɗai ba ce. A ƙasarsu in mutum ya je wurin likita cikinsa ya ɗaure, ya yi nauyi bayan cin abinci, iska ta taru, ita ce kalmar da zai faɗa, ita ce kuma a kan rubuta a jikin kwalbar maganin kumburin ciki. Ya ce a ikilisiyar da ya girma akwai wata tsohuwa, ta rasu yanzu, wadda in saurayi ya dawo daga babban taro yana cika baki da zancen "llenura" tasa, yana raina waɗanda ba su je ba, sai ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Madalla, ɗana. Wace iri ce? In ta cikin ce, ina da ganyen shayi a gida."